Rabon Lokaci

A aji uku na jami'a aka ba mu aikin da har yau nake jin ɗacinsa. Malamin kwas ɗin ya ce mu kasu bibbiyu mu gina ƙaramin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kuma ɗalibin da ya fi burge shi zai tura shi horo a wani kamfani a Legas. Gurbi ɗaya ne tak, ni kuwa na ƙwallafa rai a kansa.

Yaya, ɗan kawuna na unguwar Shahuci, ya girme ni da shekara huɗu, kuma maimaita kwas ɗin yake yi. Inna ta ce in riƙe shi mu yi aikin tare, jini ɗaya ne. Na riƙe shi. Wata uku ina zauren gidanmu a Gwammaja, kwamfuta a kan cinya, sai da na yi sati biyu allon yana baƙi ƙirin kafin harafi ɗaya ya fito. Yaya yakan leƙo bayan la'asar da rakensa, ya tambaya ko ana ci gaba, ya bar mini ɓawo in share.

Rabon lokaci, wato yadda kanel ke ba ayyukan kwamfuta damar shiga bi da bi, shi ne ya fi ba ni wuya. Ayyuka suna layi, na tsara manya su fara shiga, sai wani ƙaramin aiki ya yi ta jira, bai taɓa samun shiga ba. Kwana tara na yi kafin na gano maganin: duk aikin da ya daɗe a layi a riƙa ɗaga darajarsa. Sau uku na karanta wa Yaya wannan, da misalin layin famfo, don kada ya ji kunya a gaban malam.

Ranar gabatarwa malam ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce, "Wa ya rubuta wannan ɓangaren?"

A gidanmu ƙarami ba ya riga babba magana, ko a wurin gaisuwa. Na sunkuyar da kai ina jiran Yaya ya nuna ni. Ya gyara hula ya ce, "Gaskiya ya ba mu wahala, Malam." Ya zuba bayanin tiryan-tiryan, har da layin famfon. Malam bai ƙara kallona ba. Haushin kaina da na ji ya fi na Yaya.

Shi aka tura Legas, can ya samu aiki. Ni ina gyaran waya a Ƙofar Ɗan Agundi.

Da Sallar bana na je gaida Kawu, na tarar Yaya ya zo. Kawu ya dube ni da tausayi ya ce, "Wata uku yayanka yana sintiri gidanku yana koya maka, amma ka ƙi ɗauka."

Na sake jira. Yaya yana ta latsa wayarsa.

Na ce, "Haka ne, Kawu."