Wayar Baba Ta Cika

Har yau in na ga hoton fure mai ɗauke da "Barka da Juma'a" ya shigo waya, sai raina ya ɓaci. Mutane na cewa na cika zafin rai. To, su yi ta faɗa. Ba su suka yi yawo da wayar Baba a tsakiyar ranar Lome ba.

Baba malami ne, a zaurenmu na Zongo ya tsufa yana ba da karatu. Yana da wa guda a Kumasi, uwa ɗaya uba ɗaya, muna ce masa Baba Babba. Ranar da aka binne kakarmu suka yi sa-in-sa a gaban jama'a, Baba ya yaɓa masa maganar da ƙane ba ya faɗa wa wansa. Daga nan gaisuwa ta yanke. Na yi aure, na haihu, yarana suka yi wayo, tsofaffin nan kowa yana kan bakansa.

Da ciwo ya ci ƙarfin Baba, likita ya ce mu koma da shi gida, kowa ya gane abin da ake nufi. Wata Litinin da hantsi ya ce in sa masa hula, in jingina shi da filo, in ɗauke shi bidiyo da wayarsa. Kunnen Baba Babba ya yi nauyi, ba ya jin magana ta waya, sai dai 'yarsa ta nuna masa fuska ta maimaita masa da ƙarfi. Baba ya dubi wayar ya ce, "Yaya, ni ne. Na yi maka laifi. Ka yafe mini kafin in tafi." Iyakar maganar ke nan, amma sai da ya yi ta hutawa a tsakani.

Na danna aikawa. Wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa kamar akuya a turke, can ta tsaya, ta ce a sake gwadawa. Na sake, ta sake. Na ɗauka rezo ne babu, wato sabis, na fita bakin titi ina ɗaga hannu sama. Na sayi sabon forfe na data, na kashe wayar na kunna. Na rubuta sallama kawai, nan take ta wuce Kumasi, har 'yar Baba Babba ta amsa. Rubutu na tafiya, bidiyo ya ce bai san zance ba.

Mai gyara na farko, a Avédji, ya zare sim ya goga a rigarsa, ya hura masa iska, ya mayar, ya miƙo mini da fuskar wanda ya yi aikin tiyata. Ban bar rumfarsa ba na gwada, ba abin da ya canza. Na gaya masa abin da ya sawwaƙa, na hau zemijan, acaɓar nan garin, zuwa Amoutivé, wurin wanda ke yi wa 'yan layinmu na masu atamfa gyara. Shi ko minti bai yi ba ya juyo mini da wayar.

"Hajiya, memuwar wayar ne ya cika fal, se tu, shi ke nan. Kafin bidiyo ya tafi sai ya samu wurin juyawa. Dubi nan."

Na duba. Hotunan ayoyi, furanni masu sunan Allah, barka da Juma'a, barka da asuba, wa'azi iri ɗaya ya shigo daga hannu daban-daban. Duk almajirin da ya taɓa zama a gaban Baba, daga Kwatano har Abijan, kullum sai ya turo nasa don neman albarka. Baba bai taɓa share ko ɗaya ba.

Mai gyaran ya ce abu mai sauƙi ne, ko a share, ko ya ɗauki bidiyon zuwa tasa wayar ya aika. Ni tawa 'yar ƙarama ce mai madannai, da ita na kira gida, Inna ta kara wa Baba tata a kunne. Baba ya ce daga lambarsa saƙon zai fita, in ba haka ba wansa zai ce yara ne suka shirya. Sharewa kuwa, ya ce kada wanda ya kuskura.

Na koma gida ina tafasa. Na ce, "Baba, za a kwafe su a kati, ba abin da zai ɓata." Ya ce, "'Yar nan, in an wanke allo, shan ruwan ake yi, ko a zuba inda ƙafa ba ta takawa. Wannan in kin share, ruwansa ina yake zuwa?" Maganar ta ƙara mini haushi. Za a ce me ya hana ni sharewa a ɓoye. Wanda ya tashi a gidan da ko a kwata aka ga takarda mai bisimilla sai an tsamo ta an ƙona, shi zai gane. Na ɗora yatsa a kai, yatsan ya ƙi.

Washegari na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga masa murya. Na ce, "Baba, ka zaɓa, furannin nan ko ɗan'uwanka." Inna ta ce in ji tsoron Allah. Shi kuwa ya ce a yi masa alwala. Ya samo mafita irin ta malamai: duk ayar da ya karanta ta koma ƙirjinsa, sai in share ta. Wa'azi kuma sai ya saurara har ƙarshe.

Haka muka zauna, ni da shi da wayar. Mutumin da numfashinsa ya zama abin lallaɓawa, ga shi yana ƙarar da numfashin a kan hoton da wani ya turo bai ma karanta ba. Ya karanta, in share. Ya yi barci, in jira, don ya sa na yi alkawarin ba zan share komai a bayan idonsa ba. Sababbi kuma ba su fasa shigowa ba, har da na addu'ar Allah ya ba Malam lafiya. Da ina da hali, da na bi masu turowar gida gida.

Ranar Alhamis da la'asar muka gama da wani dogon wa'azi, na share, na danna aikawa ba tare da na sa rai ba. Da'irar ta cika, saƙo ya tafi. Baba ya ce alhamdu lillahi, ya tambaya ko an amsa. Bayan magariba ya sake tambaya. Ita ce maganarsa ta ƙarshe da na ji.

Amsar ta zo da safiyar Juma'a, ta biyo bayan furanni. Bidiyon Baba Babba ne, ba hula, yana kuka kamar yaro, yana cewa ya yafe tun tuni, girman kai ne ya hana shi faɗa, shi ma a yafe masa. Lokacin Baba ba ya buɗe ido. Na kara masa wayar a kunne, na maimaita, na sake maimaitawa. Inna ta ce ta ga yatsansa ya motsa. Ni ban gani ba, kuma ina wurin.

Tun rasuwar Baba wayar tana hannuna har yanzu, almajiransa ba su daina turowa ba. Kowace safiya nakan share su tas, ban karanta ko ɗaya, in bar bidiyo biyu kawai.