Agogon Malam Habu Da Na Bari A Kan Mil

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar farko bayan ƙaramar salla ba, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Ƙarfe goma na safe ne, ina garejina da ke Gwarzo tare da Alhaji Sule mai sayar da kayan babur, sai Malam Habu ya turo babur ɗinsa. Malamin firamare ne a Dugabau, kuma da wannan babur kaɗai yake zuwa aiki.

A lokacin na shekara shida da barin koyar da aikin injuna. A makarantar mishan aka horar da ni, inda ake sa mutum ya sake aiki sau uku saboda kuskuren da ido ba ya gani. Haka nake aiki, haka kuma nake auna mutane.

Na sake wa injinsa fistan da ring. Ƙa'idar sana'a ita ce, injin da aka yi wa wannan aiki sai an lallaɓa shi na wasu makonni, kada gudu ya wuce kilomita arba'in a awa. Agogon gudun babur ɗin kuwa ya daɗe da mutuwa. Saboda haka ya zo da wani ɗan agogon gudu mai nuna lambobi, wanda ƙaninsa ya aiko masa daga Legas.

Na ɗaura maganaɗisu a wayar ƙafar gaba, na kafa na'urar da ke ƙirga wucewarsa a jikin shokozoba, na ja waya zuwa kan babur. Na shafa alli a taya, na mirgina ta zagaye ɗaya a kan siminti, na auna, na shigar da adadin cikin agogon. Duk wannan daidai ne.

Sai gwaji. Ina da mil ɗaya da na auna da kaina tun da daɗewa, daga ƙofar gareji zuwa wata tsamiya a hanyar Kabo, domin ni da mil da yadi na tashi. Na juya agogon zuwa mil, na je tsamiya, ya nuna ɗaya cif. Na dawo ina jin daɗin kaina, na miƙa masa makulli.

"Malam, kada ka wuce arba'in," na ce.

"Baba Bitrus, ko jaki ne ya wuce ni, zan yi masa sannu," in ji shi.

Bayan kwana goma aka kawo babur ɗin a bayan akori-kura. Injin ya buga kusa da Kabo. Na buɗe, na ga fistan ya ƙone. A gaban Alhaji Sule da wasu 'yan acaɓa huɗu na ɗaga shi sama.

"Wannan aikin gudu ne. Ka karya ƙa'ida."

"Wallahi, Baba, idona na kan agogo. Ban taɓa wuce arba'in ba."

"Ƙarfe ba ya ƙarya, Malam. Kai da kake koya wa yara gaskiya, ka fara da kanka."

'Yan acaɓan suka yi dariya. Malam Habu bai ɗaga murya ba. Ya ce in ina so zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Alhaji Sule ya riƙe hannunsa, ya ce maganar ba ta kai can ba. Malam Habu ya tafi a ƙasa, hularsa a hannu.

Washegari da safe, ina shirin cire injin, na kunna agogon. A gefen lambobin akwai ƙananan haruffa da ke nuna ma'auni. Na sa tabarau na duba. Yana kan mil. Ban mayar da shi kilomita ba bayan gwaji. Mil arba'in kuwa ya haura kilomita sittin. Kwana goma mutumin yana bin umarnina sau da ƙafa, umarnin yana ƙona masa inji.

Babu wanda ya gani. Danna maɓalli ɗaya zai shafe shaidar, kuma ina jin kunyar faɗa muku cewa sai da na ɗora yatsa a kansa na ɗan lokaci.

Na aika aka kira Malam Habu, na roƙi Alhaji Sule ya tara waɗanda suka yi dariya jiya. Na nuna musu haruffan, na yi bayani, na ce ni ne na yi kuskure, kuma na ƙaryata mai gaskiya.

Malam Habu ya dubi agogon, ya juyo gare ni.

"Injin ba komai, Baba. Amma maganar ta riga ni isa Dugabau. Jiya wani uba ya tambaye ni ko ni ne malamin da aka kama da ƙarya."

Ku da kuke sana'ar yanzu, in mai babur ya ce ya bi ƙa'ida, ku fara binciken hannunku kafin ku binciki bakinsa.

Na je Dugabau na maimaita bayanin a gaban hedimasta da iyaye. Na sake gyara injin, ya tashi bayan kwana tara. Malam Habu yana gaishe ni har yau, amma bai sake kawo mini aiki ba.