Littattafan Malam Isiyaku da Aka Ƙona

Ina cikin aji a Gwaram, alli a hannuna, wani direban motar kasuwa ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Garba, sai haƙuri. Malam Isiyaku na Birnin Kudu ya rasu, jiya aka kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ruwa ya ɓata hanya, ban isa gidan ba sai ranar sadakar uku.

Malam Isiyaku shi ya koya mana kimiyya a sakandare. Shekarar da kuɗin mai ya shigo aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya sayi babur, shi kuwa ya sayi madubin hangen nesa. Kullum da hantsi yakan kafa shi, ya tara farin kwali a bayansa, hoton rana ya sauka a kai, ya zana baƙaƙen tabban da ke fuskarta, ya rubuta kwanan wata. Yakan ce, "Kada ka kalle ta da idonka, bar ta ta rubuta da kanta." Na taɓa ƙara ɗigo ɗaya don zanena ya yi kyau. Bai yi faɗa ba, ya miƙo mini abin gogewa ya ce, "Abin da ba ka gani ba, kada ka zana."

Da waɗannan zane-zane ya nuna mana rana tana juyawa, kuma tabban tsakiyarta sun fi na sama da na ƙasa sauri. Sai ya ɗauko igiyar rama ya yi ta murɗawa har ta ƙulle, ya ce haka wannan juyi yake murɗe maganaɗisun da ke cikinta, inda ya ƙulle ya ɓullo, nan tabo yake fita. Ya ce da ta fi haka gudu, da tabban sun fi haka yawa. Ya cika littattafai fal adaka, burinsa in ya yi ritaya ya tattara su ya rubuta wa yaranmu da Hausa.

Bayan an shafa fatiha, wansa Alhaji Bala ya ja ni gefe yana raɗa. "Garba, mun rufa wa malaminka asiri. Mun buɗe adakarsa, sai ga littattafai duk da'ira da ɗige-ɗige, irin na masu bugun ƙasa. Tun jiya muka banka musu wuta kafin mutane su gani."

Na ce, "Alhaji, rana ce fa! Rana ce yake zanawa!" Ya ce, "To, mai duban rana da mai duban ƙasa, ina bambancin?"

Haba jama'a! Mutumin da kuka yi shekaru kuna sahu ɗaya da shi a masallaci, wanda ya koyar da 'ya'yanku har suka zama ma'aikata, shi za ku mayar boka tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba? Ɗalibansa cike da garin nan, ba wanda kuka tambaya. Matarsa tana ɗaki, ba ku tambaye ta ba. Madubin kuwa ba ku taɓa shi ba, domin shi kun san abin sayarwa ne. Raina ya ɓaci, kuma har yau a ɓace yake. Ina rubuta wannan ne don duk wanda raɗar ta isa kunnensa ya sani: Malam Isiyaku bai taɓa yin duba ba.

Da na shiga gaida Inna Hajara, matarsa, tana cikin takaba, ta ce, "Garba, sai da na ji warin hayaƙi na sani. Ni ce fa mai riƙe masa kwalin ran Asabar da Lahadi." Ta share hawaye. "Ranar da ya kwanta ciwo, wani babban tabo ya shige bayan rana. Ya ce in yana da sauran kwana, bayan mako biyu zai leƙo ta ɗaya gefen. Ban sani ba ko tabon yake nufi ko kansa. Ka zo ka duba mini."

Na koma ranar da ta ƙidaya. Na kafa madubin a tsakar gida, ta riƙe kwalin. Sai ga shi can a gefe, baƙi, daidai inda ya ce. Inna ta ce, "Ka gani ko? Bai taɓa yi mini ƙarya ba." Na zana shi a shafin farko na sabon littafi, na rubuta sunan Malam a bango, na kai zaure na ajiye a buɗe.

Allah Ya jiƙan Malam Isiyaku, Ya haskaka kabarinsa, Ya wanke sunansa a bakin mutane. Allah Ya ba Inna Hajara haƙuri, Ya raya 'ya'yan da ya bari. Alhaji Bala kuwa, Allah Ya yafe masa, ni ma Ya ba ni ikon yafewa, don har yanzu ban iya ba. Amin.