Kayen Yayana Daga Jado

Da ramin zinariya ya rufta wa yayana a Jado, abokin aikinsa ne ya kawo mana jakarsa. Inna ba ta tambayi komai ba sai abu ɗaya: "An yi masa wanka? An sa masa likkafani?"

"An yi, Inna," in ji shi, idonsa a kan tabarma.

A jakar akwai riga biyu, da tocila, da kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakkol. Yayana ya faɗi jarrabawar bak ta gama sakandare sau biyu amma bai daina kwaɗayin Ingilishi ba. Wani tsohon ƙamus gare shi da ya tsinta a kasuwa, yana kwafo kalmomin da masu harshen da kansu suka yar, yana zubawa a kayen. Na sha ce masa aikin banza ne.

Inna ba ta karatun boko. Ta miƙo mini kayen. "Duba, ko ya bar mini magana."

Na buɗe wajen ƙarshe. Tumulate, tsohuwar kalmar aiki: a rufe gawa da tudun ƙasa. Daga Latin tumulus, tudu, shi kuma daga tumere, kumbura. Ƙarƙashinta ya ƙara da Hausa: "Aikinmu ke nan. In rami mai zurfi ya rufta ba a tonowa, don kada ya haɗa da masu tonon. A tara duwatsu a bakinsa, a yi salla, a matsa gaba."

Na dubi baƙon. "Malam, ramin nasa gaba nawa ne?"

"Ke yarinya..."

"Gaba nawa na ce."

Ya mayar da idonsa kan tabarma.

"Me ya rubuta?" in ji Inna.

Da na iya cewa darasi ne kawai. Ban iya irin wannan ƙaryar ba, har yau ban koya ba. Na karanta mata duka, har Latin ɗin, kamar wadda malami ya tsayar gaban allo.

Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki, ta jima, ta fito da farin yadin da ta ajiye don tata ranar, ta aza a cinyar mutumin.

"Yaushe za ka koma?"

"Jibi, in motar Dirku ta cika."

"Ka san ramin?"

"Na sani, Inna."

"To ka shimfiɗa masa a kai. Ka danne da dutse sosai, an ce can akwai iska."

Kwana tara ta yi ba ta karɓi ruwa daga hannuna ba.