Watandar Babur

A shekarar da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, kowa a Kano maganar gyara yake yi. Za a gyara titi, za a gyara famfo, za a gyara ƙasa. Ni dai burina bai kai can ba. Abin da na ƙudurta gyarawa shi ne tsohon babur ɗin Baba, wanda ya daɗe a jingine a soron gidanmu na Kabara, an lulluɓe shi da tabarma, kaji sun mai da sirdinsa wurin kwana.

Baba fatu yake sayarwa a Kasuwar Kurmi tun kafin a haife ni, kuma a kan wannan babur ya yi ta kai da kawo har idonsa ya fara hazo. Daga hazo sai ido ya tafi gaba ɗaya. A shekarar da nake magana jikin ma ya soma ja da baya, duk mun gani, ba dai mai faɗa. Wata rana da hantsi ina yanke masa farce, wani ɗan acaɓa ya wuce ta lungunmu. Baba ya karkata kunne ya ce, "Waɗannan na zamani kukan sauro suke yi. Ina ma in ƙara jin muryar nawa kafin in tafi." Bai sake maimaitawa ba, ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai.

Ni tela ne, kuma ina da jaraba guda: idona ba ya jure ganin abu biyu da ba su dace da juna ba. Matata kan ce ko tuwo ta kawo mini sai na duba ko malmalar biyu girmansu ɗaya. Saboda haka da na ɗora babur ɗin a kura na kai shi Ƙofar Kabuga wurin wani makanike, abokina tun muna yara, sharaɗi ɗaya na kafa masa: ina son ya koma yadda ya fito daga kwali.

Mutumin nan bakinsa ba ya shiru, amma hannunsa akwai albarka. Ya warware babur ɗin kaf, ya wanke komai da kalanzir, sannan ya aiko a kira ni. Na tarar ya shimfiɗa buhu ya kasa kayan kashi biyu.

"Waɗannan 'yan gida ne," in ji shi. "Waɗancan kuma baƙi."

Ya ɗauki madigadin baya ya kankare fentin da bakin sukudireba. Ƙarƙashin baƙin fenti sai ga ja, alhali tankin baƙi ne har ƙasa. Ya nuna mini fitilar gaba, ramukan notinta ba su hau kan na babur ɗin ba, sai da wani ya huda sababbi. Kik ɗin tayar da inji kuwa, sifanar da ta kwance sauran jikin ta ƙi kama notinsa. Birkin baya ma aro ne, an goge shi an rage masa faɗi don ya shiga. Sannan ya ɗaga salansa da hannu biyu ya nuna mini inda aka yanke ta aka yi mata walda, ya ce ta babban inji ce, ba ta da dangi a nan ko na nesa.

"Malam tela," ya ce yana dariya, "kai da ba ka ƙaunar faci, ashe a kan faci aka yi ta kai ka makaranta."

Raina ya ɓaci. Na yi ta sababi a kan makanikan da, na ce sun ga dattijo mai haƙuri sun yi ta liƙa masa tarkace. Abokina ya bar ni na gama, ya ce zai nemo na asali. Ya kuwa nema. Ya bi 'yan gwangwan, ya bi tsofaffin masu sayar da kayan babur, har bayan gari ya fita, yau ya samo wannan, wani makon ya samo wancan. Baƙin kayan na zuba su a buhu na kawo gida na jefa bayan ƙyaure, da niyyar in mai sayen tsohon ƙarfe ya wuce in miƙa masa.

Ranar da aka gama na hawo shi har gida yana walƙiya. Na riƙo hannun Baba na zaunar da shi a kan dakali, na taka kik. Inji ya tashi sumul, ba tari ba gargada. Na tsaya ina kallon fuskar Baba, ina jiran abin da na yi makonni ina jira.

Ya saurara sosai, ya yi ɗan murmushi irin na kara, ya ce, "Allah ya sa albarka. Na wane ne?"

"Naka ne, Baba."

"A'a. Nawa muryarsa kauri gare ta, kuma in ka saki mai yakan yi ɗan tari a ƙarshe."

Na kashe injin na yi masa bayanin baƙin kayan da muka gano muka cire. Sai ya ce, "Ina kayan suke?" Na gode wa Allah da mai sayen ƙarfe bai biyo ta lungunmu ba a 'yan kwanakin nan. Na jawo buhun na ajiye a gabansa.

Ya zura hannu ya fito da madigadin, ya shafa shi daga baki zuwa baki. "Wannan na marini ne, mai jan babur, wanda gidansa ke bayan masallaci." Ya ajiye a cinyarsa. Fitilar ya ce ta wani malamin firamare ce. Kik ɗin na wani mahauci. Ya ce a shekarun da kayan gyara suka ɓace a kasuwa, su 'yan unguwa masu babura sun yi wata al'ada tasu. In na wani ya mutu murus, ba ya sayarwa. Sai a yi watandarsa, kamar yadda ake haɗuwa a yanka sa a raba nama. Mai shi ya shimfiɗa tabarma a soro, kowa ya zo da sifanarsa ya cire abin da nasa yake bukata. Ba a biyan komai. Amma duk wanda ya ɗauki wani abu, goyon mai babur ɗin zuwa kasuwa ya hau kansa.

Da hannunsa ya kai kan salansa sai ya ɗago ta a hankali. Ya bi waldar da ɗan yatsa. Ya ce ta amininsa ce, mai sayar da kayan yaji a Kurmi, wanda rumfarsa ke kusa da tasa. Sauran sukan goya shi jefi-jefi, amma Baba shi ya ɗauke shi kullum, safe da yamma, shekara da shekaru, har Allah ya karɓi abinsa.

"Duk sun tafi," in ji Baba. "Saura ni da buhun nan."

Washegari na koma Ƙofar Kabuga da babur da buhu, ina jin nauyin abokina, don na san irin yawon da ya sha. Na ba shi labari ina sunkuyar da kai. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Da mun fara tambayar mai kaya, da takalmina bai cinye ba." Daga nan bai ƙara ko kalma ta ƙorafi ba. Ya ce zai mayar da komai, ban da birki. "Ka gaya wa Baba ya yi haƙuri da wannan. Zumunci ba ya tsayar da babur in akuya ta gitta." Har yau in na tuna mutumin nan sai na yi masa addu'a. Inda ya kankare madigadi ya bar jan a fili, ya ce in na isa in rufe. Ban rufe ba, ko da yake idona ya sha wahala.

Wannan karon ina shigowa lungu, tun ban tsaya ba, na hango Baba ya miƙe tsaye daga kan dakali ba mai riƙe da shi. Na saki mai, salansa ta yi ɗan tarinta. Ya ce, "Yauwa. Ga shi nan." Farin cikin da na ji a lokacin ban san da me zan auna shi ba.

Bayan la'asar ya ce in goya shi. Na so in hana, ya ce ai bai zo neman izini ba. Muka tafi a hankali, ya riƙe kafaɗata, shi makaho yana gaya mini inda zan karya. Ita ce fitarsa ta ƙarshe a kan babur, don bai ga wata daminar ba. A bakin wani tsohon gida ya ce in tsaya, nan ne gidan amininsa.

Ban kai ga kashe inji ba, balle sallama, sai ga wata tsohuwa ta leƙo daga soro, mayafinta a karkace, buta cike da ruwa a hannunta. Matar marigayin ce. Ta dube mu, ta dubi butar, kamar yanzu ta lura da ita.

"Alhaji, ashe kai ne," ta ce wa Baba. "Tun daga kwana na jiyo ku. Har na zuba masa ruwan alwala kafin in tuna."

Baba ya ce, "Hajiya, Allah ya jiƙansa." Ta amsa da amin a hankali.

Na kai hannu zan murɗa makulli, sai ta ɗaga mini hannu.

"Ɗana, bar shi ya ɗan ƙara."

Na bar shi.