Na kai ƙarar pano Katako

Ana sallame sallar asuba muka bar ƙauyenmu na bayan Dogon Dutse, ni da wata abokiyar aikina ta lambu, da akwatin ƙarfe ɗaure cikin zane a cinyata. Ku masu tambayar abin da ya kai tsohuwa Yamai, ku saurara, ina faɗa ana rubutawa.

Bara ni na tsaya kai da fata sai da matan lambunmu suka yarda muka sayi pano, faranten nan masu shan rana su juya injin rijiya. Watanni ruwa na zuba. Kaka na yi, ya koma ɗigo-ɗigo. Irin albasa ya isa dashe, ya fara kwanciya. Maza suka samu abin faɗa, wai tsohuwa ta sayo mana madubi, mu koma guga. Mai shagon da ya sayar mana a Yamai ya ce a waya a kwanto akwatin da ke ƙarƙashin pano a kawo ya duba. Na ce ba mai kai shi sai ni.

Kar, babbar motar haya, ta ɗauke mu jaka shida-shida. A Dosso muka ci kwaɗon zogale na dala arba'in, ƙuli ya ji, gishiri ya yi kaɗan. Wajen Kure direba ya ce nan raƙuman dawa suke. Na leƙa har wuyana ya ƙage, ban ga ko ɗaya ba. Pano dai na gani, kan masallaci, kan rumfar mai cajin waya, har kan gidan kara. Abin da ya ɗaure mini kai, duk tsirara suke, ba a aza musu komai ba. Na ce a raina mutanen hanyar nan ba su san amfanin abu ba.

A Yamai mun sauka unguwar Banifandu gidan ɗiyar ƙanena. Muna shan ruwan firji aka ɗauke kuran, wutar nan ta waya, fanka ta tsaya. Ashe a birni ma zuwa take ta tafi! Mijinta ya ce gwamnati ta shimfiɗa gona guda ta pano a hayin kogi don a rage dogara da wutar maƙwabta. Na tambaye shi wa ke gadinta daga awaki, bai sani ba.

Washegari da hantsi muka shiga kasuwar Katako. Ƙamshin katako, ƙarar guduma, masu tura baro na ihu a ba su hanya. Kowa na ce mini "fofo", sannun Zabarmawa, ina amsawa da Hausa, ba wanda ya ga laifina. Mai shagon Bazabarme ne, magidanci, Hausarsa ta kasuwa. Ya jona akwatin da panonsa na ƙofar shago, fitila ta kama.

"Inna, akwati lafiya lau."

"To ni ce ba lafiya ke nan? Ɗana, albasa na mutuwa."

Ya tambayi ko itace ya yi inuwa, na ce a'a. Ko waya ta tsinke, na ce da idona na bi ta. Raina ya ɓaci. Amma a gidanmu ko rigima za ka kai ba ka zuwa hannu rabbana, sai na kwance ƙullin busasshiyar kuɓewa na miƙa masa. Wata mai sayar da kayan miya a gefe ta sa hannu ta murza.

"Kai, Hajiya! Ko ƙwayar yashi babu. Ina kuke shanya?"

Na gyara zama, don nan fannina ne. Na ce kan pano mana. Ga tsabta, ga zafi, akuya ba ta kaiwa. Tun da kaka ta shigo, daga hantsi zuwa la'asar a rufe yake ruf da kuɓewa da tumatir. Ni ce ma na fara gano dabarar.

Mai shago ya dafe kai. Bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Ya ɗauki ƙyalle ya rufe rabin panonsa, fitilar ta dushe a gabana. Ya janye, ta dawo. Na ce ya sake. Sau uku na sa shi, har na karɓi ƙyallen na yi da hannuna.

"Inna, pano da fuska yake ci."

Kwana na uku muka kamo hanya tun duku-duku, azahar ta yi mana a ƙauye. Ban shiga gida ba, lambu na wuce. Aka mayar da akwati, muka kwashe shanya a zane, na goge faranten da jiƙaƙƙen tsumma. Injin ya yi gurnani, ruwa ya feso har ya jiƙa ni. Albasa rabi ta tashi, rabi mun yi asara, kuma a gaban mata da maza na ce laifin nawa ne.

Abin da tafiyar ta koya mini, ranar nan da muke gudu tun muna yara aiki take nema, sai dai ba ta son a tare mata gaba. Kuɓewa ta koma kan tabarma. Miya ta dawo da ɗan yashinta, wanda ya tauna ya kurkure baki, ruwa dai ga shi nan.