Idon Dama na Mai Agogo

Shekara talatin da ɗaya Mai Agogo ya yi yana gyaran agogo a kan teburi ɗaya, cikin wani ɗan shago da in za ka juya sai ka nemi gafarar bango. Idon dama ne abincinsa, shi yake maƙala wa ɗan madubin nan mai ƙara girman abu. Da idon ya aurar da 'ya'ya uku, da shi kuma ya raini ƙaninsa tun rasuwar mahaifinsu.

Ƙanin nan, wanda yanzu magidanci ne har da furfura, shi ya ɗaure tumaki a bayan shagon. Mai Agogo ya yi faɗa har ya gaji, ya ce ƙuda sun ishe shi, a kwashe dabbobin. Kullum amsar ɗaya ce, "Gobe, Yaya."

Wata Talata da hantsi wani ƙuda ya faɗo masa a idon dama ya wuce. Kafin azahar idon ya kaɗa jawur, ga ƙaiƙayi kamar an watsa yashi. Ya miƙa wa ƙanin madubin.

"Duba mini, ji nake kamar abu na motsi."

Ƙanin ya daɗe yana dubawa. "Ba komai, Yaya, ƙura ce. Wanke da ruwa."

To wa zai ƙi yarda da yaron da ya goya? Kwana goma sha biyu yana wanke idon da ruwa, sai da matarsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti, ƙanin na biye. Likita ta sa hantsaki ta zaro tsutsotsi tara, ta ce irin ƙudan da ke bin tumaki ne ya zuba su. Sun riga sun kwarzane baƙin idon, ya yi tabo, ganin ba zai dawo ba. Da an zo da wuri, in ji ta, aikin minti goma ne.

"Tara?" Bakin ƙanin ya suɓuce. "Ranar nan biyu ne fa."

Mai Agogo ya juyo gare shi.

"Ashe ka gani?"

"Na ji tsoro ne, Yaya, kada ka ce tumakina ne."

Ciwon idon bai kai wannan zafi ba. Mai Agogo bai zage shi ba, ko da yake ya cancanta. Da za su fita, ƙanin ya matso ta damansa zai riƙe masa hannu. Ya janye.

"Dawo ta hagu," ya ce, "inda zan riƙa ganinka."